Alhaji Mai Gidan Haya, Bar Ɗora wa Ɓera Laifi

Wata Juma'a cikin watan jiya, muna shirin tafiya masallaci, matar maƙwabcina ta jawo guga a rijiyar gidanmu ta ce a zo a sunsuna. Ba sai an kai hanci kusa ba. Da aka bi sawu, aka tarar ɓeraye sun huda bututun da ya taso daga masai zuwa sokawe, daidai gwiwarsa, ƙazanta na tsiyaya cikin ƙasa, kuma tsakanin wurin da bakin rijiya bai fi taku goma ba. Mu goma sha bakwai ne a gidan, har da jarirai. Da ruwan nan muke alwala, da shi ake wanke kwanoni. Allah kaɗai Ya san kwana nawa muka yi a haka.

Aka kira mai gidan. Ya leƙa, ya toshe hanci da hannun riga, ya ce: "Ai ɓera ne. Ku sayi shinkafar ɓera ku zuba." Ya sa aka naɗe wurin da tsohon tub ɗin babur, ya shiga motarsa. Karo na uku ke nan cikin shekara biyu.

To Alhaji, da kai da ire-irenka nake magana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɓera bai ci bututun nan ba sai da ka buɗe masa ƙofa.

Tun da Lafiya ta zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996 mutane ke kwararowa, haya ta yi daraja. Gidan da aka gina don iyali ɗaya aka yanka shi ɗaki-ɗaki, aka manna masa masai na zamani a gurguje. Zaga bayan gidajen unguwar nan ka gani da idonka. Bututun roba mai inci huɗu, mafi siririn da ke kasuwa, an shimfiɗa shi a fili bisa ƙasa, rana ta gasa shi har ya koma kamar ƙwan kaza. Inda ya ratsa bango an bar rami da hannu zai shiga. Cemba, wato ɗan akwatin simintin da bututai ke haɗuwa a ciki, murfinta ya fashe an ɗora tsohon kwano da dutse. Bututun iska na tsaye baki buɗe. Wannan aikin ɓera ne ko aikin mai son araha?

Ku fahimci halittar dabbar nan. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro har ya mutu, shi ya sa ba ya rabuwa da gwaguya: katako, waya, roba, duk ɗaya ne a wurinsa. Amma bututu mai kauri, mai santsi, wanda aka binne, da wuya haƙorinsa ya sami wurin kamawa. Daga baki yake farawa, ko tsaga, ko mahaɗa, ko lallausar robar nan mai lanƙwasa da ake haɗa kwanon masai da bututu. Ramin da babban yatsanka zai shiga ya ishe shi wucewa, ƙananan kuwa ko wanda bai kai haka ba. Ya iya iyo, ya iya hawa. In ya shiga ta fasasshiyar cemba zai bi bututu har ɗaki, musamman da rani da ake ƙarancin ruwa, ruwan da ke tsayawa a gindin kwanon masai ya ƙafe.

Shi ya sa nake cewa shinkafar ɓera yaudarar kai ce. Cikin ɓera mako uku ne kacal, kuma ba ɗa ɗaya take haifa ba. Ka kashe goma yau, ramin na nan, abincin na nan, wasu za su zo daga kwata kafin wata ya kama. Abin da gubar ke kashewa tabbas shi ne kajin maƙwabta da kyanwar da ke taya mu yaƙin. Ga yara masu rarrafe da komai sai sun kai baki. Ɓeran da ya ci kuma ya je ya mutu cikin bututu ko silin, a kwana ana neman inda wari ke fitowa.

Kada wani ya ce zancen wari ne kawai. Ruwan masai in ya haɗu da na rijiya, hanyar amai da gudawa da taifot ke nan. Masana lafiya na son a sami kamar mita 30 tsakanin rijiya da ramin masai. Gida nawa ne a unguwar nan ke da wannan fili? Tunda ba mu da tazarar, lafiyar bututun ita kaɗai ta rage mana. Sannan ga zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno, kuma jiharmu na cikin waɗanda yake leƙowa, galibi da rani. Wani ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da shi, ana kamuwa ta fitsarinsa da kashinsa in sun taɓa abinci. Wasu sun rasu, wasu sun tashi da kurumta. Ba kowane ɓera ke da cutar ba, amma ramin da ka bari a bango ba ya tambayar ɓera ƙabilarsa. In ana ƙona daji suka gudo cikin gari, ta nan za su shigo.

Na san abin da za ka ce: kaya sun yi tsada. Gaskiya ne. To lissafa mana kuɗin mai gyara sau uku, da kwashe rijiya, da ruwan da muka yi ta saye a hannun 'yan garuwa, da abin da uba zai kashe in ya kwana da yaro a asibiti. Gyaran gaskiya sau ɗaya ake yi. A sa bututu mai kauri a binne shi, inda dole ya fito fili a lulluɓe shi da kankare. A cike ramin bango da siminti, a cusa ragar ƙarfe a ciki. A zuba wa cemba da sokawe murfin kankare ko na ƙarfe da ya zauna daram. A ɗaure ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, da ba su wuce milimita 6 ba, a bakin bututun iska. A cire lallausar robar bayan kwano a sa gwiwa mai tauri. Birkila da mai aikin famfo, yini ɗaya sun gama. Kuma tun da kai ke karɓar haya, a kanka yake.

Mu ma 'yan haya kada mu yi saurin tafi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wa ke juye ragowar tuwo da ƙanzon shinkafa a masai? Wa ke tara bola a jikin bangon ban ɗaki? Da yawanmu abinci ne ya kawo mu garin nan, daga Kano, Katsina, Zariya da Sakkwato: doya, agushi, riɗi, shinkafa. Sai mu mayar da ɗakin kwana sito, buhu a ƙasa, tukunya ba murfi. Mai gida ya buɗe ƙofa, mu muka shimfiɗa tabarma. A ɗora buhu kan katako nesa da bango, a rufe abinci da ruwan sha, a ɗana tarko, kuma kada a ɗauki mataccen ɓera da hannu tsirara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kalmar nan ta "ai baƙi ne, gobe za su koma garinsu." Wane gari? A nan aka haifi 'ya'yanmu, a nan muke binne iyayenmu. Kuma in wari ya tashi ba a cewa gidan Alhaji wane, cewa ake yi unguwar Hausawa.

Kakanninmu sun san duba-gari na zamanin En'e, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da shadda. Ba sai mun jira gwamnati ta dawo mana da shi ba. Ina roƙon Mai Unguwa da limamanmu su zaɓi mutum biyar, ciki har da birkila da mai aikin famfo, su riƙa zaga bayan gidaje ranar Asabar ɗin tsaftar muhalli ta ƙarshen wata. Gidan da aka sami ɓaraka a ba mai shi wata ɗaya. In ya ƙi, 'yan haya su gyara a gaban shaidu, a cire daga kuɗin haya. Kai kuma mai neman ɗaki, kafin ka duba fenti da tayil, zaga ka duba bayan masai.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, Alhaji. Rijiyarmu har yau a rufe take. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.