Daga Fili Zuwa Ofis: Wa Zai Rainar wa Kano 'Yan Wasa?

Wasan zari-ruga mai 'yan wasa 13 a gindin masana'anta aka haife shi. A 1895, ƙungiyoyin arewacin Ingila suka taru a garin Huddersfield suka ɓalle daga hukumar wasan, saboda ta hana a biya ma'aikatan masaƙu da masu haƙar kwal kuɗin yinin da suka rasa a wajen wasa. Tun daga nan wasan ya saba da rainon mutanensa: wanda ya buga yau, gobe shi ke koyarwa, jibi ya riƙe ofis. Kevin Sinfield misali ne. Ya shafe shekaru yana kyaftin ɗin Leeds Rhinos, ya zama daraktan wasanta a 2018, daga baya kuma ya shiga aikin koci.

Kano ma ta san irin wannan alaƙa tsakanin wurin aiki da filin ƙwallo. Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan Raccah na 'yan kasuwar gyaɗa, ta lashe gasar Najeriya a 1978. Ita kanta Kano Pillars an kafa ta ne a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyin WRECA, Golden Stars da Bank of the North. A wancan zamani ɗan wasa na iya samun albashi a ma'aikata, in an tashi aiki ya ɗaura takalmi, idan ƙafa ta gaji kuma yana da wurin komawa.

Durƙushewar masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa tun daga shekarun 1980, sakamakon ƙarancin wutar lantarki, faɗuwar darajar naira da shigowar atamfar fasa-ƙwauri, ta shafi har ƙwallo. Nauyin ya koma kan gwamnati kusan ita kaɗai. Yau yaran Sharaɗa suna buga ƙwallo a ƙura, raga duwatsu biyu ce, koci kuwa wani tsohon ɗan wasa ne da ba a biyansa ko sisi.

Tarihin Ahmed Musa ya nuna abin da ke yiwuwa. Ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, ya buga a CSKA Moscow da Leicester City, ya dawo gida, sannan aka naɗa shi babban manajan ƙungiyar a 2025. Sai dai mutum ɗaya ba ya zama tsari.

Majemun Challawa da kamfanonin roba da na abinci da suka rage a Bompai da Sharaɗa suna iya kafa gasar ma'aikata, su ɗauki tsofaffin 'yan wasa aikin koyarwa da albashi, su kuma biya musu kuɗin kwas ɗin koci da na gudanarwa. Ya kamata reshen ƙungiyar masu masana'antu na Kano da hukumar wasanni ta jiha su zauna kan wannan batu kafin kakar wasa mai zuwa.