Shirun Ɗalibinmu a Ajin Turawa Ba Ladabi Ba Ne

 

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya yi karatun zaure ya san zaman gaban malam: a tuɓe takalmi, a sunkuyar da kai, malam na fassara, almajiri na cewa na'am. Makarantun bokonmu ma ba su sauya zani ba. Malami ya karanto, ɗalibi ya rubuta, ranar jarrabawa ya mayar masa da kayansa. Da wannan tarbiyya 'ya'yanmu suke sauka jami'o'in Ingila neman digiri na biyu, wanda galibi shekara guda tak ake yinsa.

A can kuwa, ban da lacca, akwai zaman ƙaramin rukuni, inda ake ba ɗalibi abin karantawa tun kafin ya zo, sannan a nemi ra'ayinsa da hujjarsa. Namu sai ya yi gum don girmamawa, malamin kuma ya ɗauka bai yi karatu ba. Rubutun da ya jera maganganun masana bai auna su ba, da ƙyar ya haye maki 50 na tsira, balle 70 na zarra. Kafin ya gane dawan garin, zango na farko ya ƙare, dukiyar iyaye ta tafi.

Abin takaici shi ne, abin da ake nema gare shi gadon gidansu ne. Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, idan ta ji abin da ba ta fahimta ba takan sake tambayar Annabi (SAW) har sai ta gane. Imamu Shafi'i almajirin Imamu Malik ne, amma ya saɓa masa a mas'aloli da dama. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai bi malaminsa Jibrilu ɗan Umaru ba wajen kafirta mai aikata manyan zunubai, ya yi masa raddi a rubuce, kuma bai daina yabonsa ba. To mu da muka daɗe muna kira a bar taƙlidi a nemi dalili, yaya za a yi ɗanmu ya kasa tambayar Bature hujjarsa?

Haka batun kwafar maganar wani ba tare da ambaton mai ita ba. Jami'o'in suna gano wannan da manhajoji irin su Turnitin, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga kora. Ɗalibin da ya saba da hadda yakan faɗa ciki da zuciya ɗaya. Ai al'ummar da ta kafa ilmin isnadi ba ita ya kamata a koya wa jingina zance ga mai shi ba.

Wasu na tsoron kada wannan ya buɗe ƙofar fitsara. Tsoron yana da tushe, amma auna maganar ɗan Adam daban, jayayya da nassi daban. Kuma wanda bakinsa ya buɗe a aji shi ne zai iya kare addininsa. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba duk suna faɗowa cikin lokutan darasi. Dokar daidaito ta 2010 ta hana nuna bambanci saboda addini, amma ba wanda zai san uzurin ɗalibin da bai faɗa ba. Mai jin nauyin tambaya a aji, shi ne zai ji nauyin cewa zai tafi Juma'a, ko cewa ba zai halarci taron rukuni a mashaya ba.

Saboda haka gyaran daga gida zai fara. Malamanmu na Islamiyya da masu karatu tsakanin Magariba da Isha'i su ware lokacin tambaya, su daina haɗe rai idan yaro ya ce ina dalili. Rassanmu kuma su riƙa haɗa mai shirin tafiya da 'yan'uwan da suka yi karatu can suka dawo, su zauna da shi tun kafin ya karɓi biza.