HAWAINIYAR DA TA ƘI CI: HAƘƘIN DA KE WUYAN WANDA YA KAMA TA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Bayan haka, duk wanda ya san Kongolam da ƙauyukan da ke kewaye da ita, daga hanyar Daura har zuwa tsallaken iyaka ta wajen Matamaye, ya san cewa da zarar damina ta kankama sai hawainiya ta yawaita a jikin sabara da kalgo da shingayen gonaki. A dā, yaro in ya gan ta ko ya gudu ko ya ɗauki dutse. Yanzu kuwa an samu sabon yayi. Matasa suna ganin bidiyon Turawa a YouTube da TikTok suna wasa da hawainiya a kafaɗa, sai su ma su tsinko 'yar ƙarama a daji, su jefa ta cikin kwali ko tsohuwar roba, su zuba mata gero da ɗan ruwa a murfin kwalba. Kwana biyu, kwana uku, sai ka ji ana tambaya: ta ƙi cin komai, yaya za a yi?

Amsata a taƙaice ita ce: ƙin cin nan ƙara ce take kaiwa, kuma wanda ya tsare ta shi ne wanda ake ƙara. Abu biyu ne a gabansa ba na uku: ya ciyar da ita irin cimar da Allah ya halitta ta a kai, ko ya mayar da ita inda ya ɗauko ta.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa. Ku lura da laifinta, 'yan'uwa. Tsare ta ta yi har ta mutu, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi 'yan ƙwarin ƙasa ba. To, me ya raba wannan da hawainiyar da ke cikin kwali a ƙarƙashin gado? Wani zai ce ai Musulunci bai hana kiwon irin waɗannan ba, ga ƙissar Abu Umair, ƙanin Anas ɗan Malik, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Manzon Allah (SAW) bai hana shi ba. Wannan gaskiya ne, kuma malamai irin su Ibnu Hajar sun fitar da halaccin ajiye tsuntsu daga wannan hadisi. Sai dai halaccin yana tafe da sharaɗin ciyarwa da shayarwa da rashin cutarwa. A nan gizo ke saƙar, domin tattabara da kaza mun san cimarsu tun kaka da kakanni, hawainiya kuwa 'yan kaɗan ne suka sani.

Hawainiya ba ta cin hatsi, ba ta cin tuwo. Abincinta ƙwari ne masu rai: ƙuda, fara, gyare da makamantansu. Sai ta ga abu yana motsi sannan ta tattara idanunta biyu a kansa, waɗanda a sauran lokuta kowanne ke duban gefensa, ta harba harshenta mai tsawon da ya kai jikinta ko ya fi, ta janyo shi. Mataccen ƙwaro a ƙasan kwali da wuya ta kula shi. 'Yar ƙarama kuma ƙananan ƙwari take buƙata kullum, waɗanda girmansu bai wuce faɗin kanta ba. Haka nan yawanci ba ta shan ruwan kwano. Raɓa take lasa da ɗigon ruwan sama a jikin ganye. Sau da yawa ƙishirwa ce ke fara kayar da ita kafin yunwa. Saboda jinkirinta da ƙarancin ganin ta tana ci, mutanen Turai na dā sun ɗauka iska take ci ta rayu. Kada wannan camfi ya zama uzurinka.

Akwai kuma maganar rana. Jikinta ba ya ɗumama kansa kamar namu. Da hantsi take ɗumama, kuma in jikin bai yi ɗumi ba cikinta ba ya narkar da abinci. Hasken rana ne kuma ke taimaka wa ƙashinta ya yi ƙwari, wanda aka hana wa shi sai ƙafafunsa su lanƙwashe. Ɗaki mai duhu yana kashe ta a hankali, robar da aka bari a tsakiyar rana ƙarƙashin kwano tana kashe ta nan take. Sai babban dalili, wato tsoro. Hawainiya halitta ce mai son kaɗaici da ɓuya cikin ganye. Hannun da ke ɗaukar ta kowane lokaci, da taron abokai da ke leƙa ta, a wurinta daidai suke da shaho. In ka ga ta yi baƙi-ƙirin, ta kumbura, ta buɗe baki tana huci, ba ado take yi maka ba, firgita ce. Su Turawan da kuke kallo, galibi irin ta ƙasar Yaman suke kiwo, wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ga fitilun da ke maye gurbin rana, ga shagunan sayar da ƙwari. Tamu daga daji aka fizgo ta.

Don haka wanda ya nace sai ya riƙe ta, ga abin da ke kansa. Ya yi mata keji mai tsawo da raga, ya sa rassa masu ganye, ya ajiye ta inda hantsi ke taɓa gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma inuwa. Ya yayyafa wa ganyen ruwa safe da yamma. Ya sako mata ƙwari masu rai, amma ban da na gonar da aka yi wa feshi, domin guba zai ba ta da hannunsa. Ya daina ɗaukar ta, kada ya haɗa biyu wuri ɗaya, kada kuma ya buɗe mata baki da tsinke don ya yi mata ɗura. Sabuwar kamu kan yi 'yan kwanaki ba ta ci ba saboda baƙunta. Amma in ya ga idanunta sun fara faɗawa, ko tana rufe su da rana, to, ya sani lokaci ya ƙure. Ya ɗauke ta da sassafe ya ɗora ta a reshen da ya same ta. A ganina wannan shi ya fi ga mafi yawanmu tun farko, domin ɗalibin da ke fama da boko da islamiyya ina zai samu lokacin farautar ƙuda kullum?

Ga masu jifanta kuma, ku ji tsoron Allah. Hawainiya ba ta da dafi, kuma ƙwarin da ke ɓarna a gona take rage mana. Umarnin kisan da ya zo a hadisi kan tsaka ne, wadda Larabawa ke kira wazag. Hawainiya sunanta hirba'u, halitta ce daban. Allah ya sanar da mu a Suratul An'am, aya ta 38, cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu. Abu Dawud kuma ya ruwaito daga Ibnu Mas'ud cewa sahabbai sun taɓa ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa biyu a hanyar tafiya, da Manzon Allah (SAW) ya ga uwar tana shawagi sai ya umarce su da su mayar mata.

Ya ɗan'uwa, rai ba abin yayi ba ne. Hoton da za ka ɗauka da ita na minti ɗaya ne, tambayar da za a yi maka a kanta tana nan tana jira. Allah ya sanya tausayi a zukatanmu, ya kare mu daga ɗaukar alhakin abin da ba ya iya magana. Allah ne mafi sani.

Wassalamu alaikum.