Daga 504 zuwa 406

A shekara ta 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504, motar iyali mai tsawon ƙafa, wadda tayoyin baya ke turawa. Masana'antar Kaduna, da ta soma aiki a 1975, ta riƙa harhaɗa ta, don haka kayan gyaranta ba su yi wa Yamai nisa ba. In kabureta ta shaƙi ƙurar hunturu, makaniki ya kwance ta, ya wanke, direba ya kama hanyar Dosso.

Da 405 ta zo a 1987, an gitta inji, tayoyin gaba suka karɓi ja, jiki ya yi ƙasa don tsaga iska. Ta fi tsimin mai, babu gardama, sai dai ramukan hanya ba su raga mata ba.

A 406 ta 1995, na'urar lantarki ke auna man da inji ke sha. Makanikin da ya saba gane cuta da kunne sai ya nemi na'urar bincike daga Turai, alhali karya darajar sefa a 1994 ta ninka kuɗin kayan Faransa.