Idan za mu tura ta karatun waƙa, me za ta kawo mana?



Makonni uku ke nan wata magana tana yawo a cikin zumunta, ana yin ta a gindin bishiya bayan sujada, ana yin ta a WhatsApp da dare, har ta fara raba mu gida biyu. Mun ga gara mu faɗi namu ra'ayin a fili. 'Yar'uwarmu da take koya wa kwaya waƙa tun dawowarta daga bautar ƙasa ta gaya wa Baba Fasto da dattawa cewa tana so ta tafi karatun digiri na biyu a fannin kiɗa da waƙoƙin ikkilisiya. Ta roƙi wasiƙar shaida daga ikkilisiya, ta kuma roƙi a taimaka mata da wani ɓangare na kuɗin makaranta.

Wasu suka ce, "Yanzu waƙa ma sai da digiri? Iyayenmu mata da suke ɗaga majami'a da tulu da ganga, wace jami'a suka je?" Wasu kuma har sun fara lissafin yadda kwayarmu za ta riƙa cinye gasa in ta dawo. Mu muna goyon bayan tafiyarta, amma dalilinmu ba gasa ba ne, kuma muna da sharaɗi.

Bari mu fara da abin da karatun yake nema, don yawancin masu gardamar ba su tambaya ba. Makarantar da aka fi sani da wannan fanni a ƙasar nan ita ce makarantar tauhidi ta Baptis da ke Ogbomosho a jihar Oyo, wadda asalinta ya koma 1898, kuma tana da tsangaya guda ta waƙoƙin ikkilisiya, daga digiri na farko har sama. A ɓangaren jami'o'i, sashen kiɗa na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka tun farkon shekarun 1960 yake aiki. Mai neman digiri na biyu sai ya nuna digirin farko mai kyau, da sakamakon sakandare, da takardar bautar ƙasa. Makarantun tauhidi kan ƙara da shaidar ikkilisiya a kan halinsa da kiransa. Bayan takardu akwai gwaji: a sa shi ya kaɗa ko ya rera a gaban malamai, a ba shi rubutacciyar waƙar da bai taɓa gani ba ya karanta nan take. In ya shiga, zai yi ta fama da haɗa muryoyi huɗu, da jagorancin kwaya, da tarihin waƙoƙin sujada, da tauhidin sujada, da fiyano ko da muryarsa ce babbar baiwarsa. A ƙarshe ana jiran abu biyu daga gare shi: ya gabatar da waƙoƙi a gaban jama'a da masu ba da maki, ya kuma rubuta kundin bincike ya kāre shi. Wajen shekara biyu ke nan, in Allah ya tsare.

Wanda ya ce wannan ɓata lokaci ne, muna roƙonsa ya buɗe 1 Tarihi sura 25. A can an ƙidaya mawaƙan Haikali 288, kuma an bayyana su a matsayin horarru, ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. A sura 15 an ɗora Kenaniya a kan waƙa saboda gwanintarsa. Bulus ma, a 1 Korintiyawa 14, ya haɗa ruhu da hankali a wajen raira waƙa. Baiwa daga Allah take, ba mu musa ba. Amma ko gonar da Allah ya ba ƙasa mai kyau sai an yi mata huɗa.

Inda masu adawa suke da gaskiya, kuma dole mu ba su ita, shi ne wannan: ma'aunin da ake gwada ɗalibi da shi a irin wannan karatu daga Turai aka ɗauko shi. Fiyano, ogan, da tsarin sofrano, alto, teno da bas. Mutum zai iya fita da sakamako mai kyau ƙwarai bai taɓa zama ya saurari yadda iyayenmu na Zumuntar Mata suke jefa baiti ana amsawa ba. Hausa kuwa tana da nata dokoki da fiyano bai san da su ba. Ku faɗi "kuka" na hawaye, ku faɗi "kuka" ta miya. Haruffa ɗaya ne, hawa da saukar murya ne suka raba su. "Wuya" na jiki da "wuya" ta wahala ma haka. Sannan akwai tsawon wasali: "gari" da muke zaune a ciki gajere ne, "gari" na tuwo ja ake yi. Waƙar Bahaushe a kan nauyi da sauƙin gaɓa take tafiya. Da yawa daga cikin waƙoƙin da ke Littafin Waƙoƙi fassara ce daga Turanci, an zuba kalmomin Hausa a kan karin da aka yi wa wani harshe. Muna ƙaunarsu, da su aka rene mu, da su muke binne iyayenmu. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da baƙon da ya shigo majami'a karon farko ya ga yadda yake karkata kunne, don an ja gaɓar da ya kamata a taƙaita, an taƙaita wadda ya kamata a ja. Wa zai gyara wannan? Sai wanda ya san dokar ɓangarorin biyu. Mai baiwa kaɗai yana jin akwai matsala amma ba ya iya nuna inda take. Mai takarda kaɗai ba ya ma jin ta.

An kawo mana misalin Mamman Shata a cikin gardamar, kuma misali ne mai ƙarfi. Ɗan jiharmu ne, daga Musawa, bai yi karatun waƙa a aji ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Wato jami'a ce ta zo wurinsa. Gaskiya ne. Sai dai ku tambayi kanku me ya sa har yau, shekaru bayan rasuwarsa a 1999, ana iya nazarin waƙoƙinsa. Saboda an ɗauke su a faifai da kaset, gidajen rediyo sun adana, masu ilimi kuma sun zauna sun rubuta. Da ba a yi haka ba, da yawancinsu sun bi shi.

Akwai wani misalin da ya fi kusa da mu ta wajen bangaskiya. Ikoli Harcourt Whyte, wanda aka haifa a 1905 ya rasu a 1977, cutar kuturta ce ta kai shi asibitin Uzuakoli a ƙasar Ibo. A can ya shirya waƙoƙin yabo masu ɗimbin yawa da harshen Ibo, yana bin karin harshen. Ba shi da digiri. Amma ya koyi rubuta waƙa da "do re mi", irin wanda kwayoyinmu suke amfani da shi, kuma wannan rubutu yana cikin abin da ya sa ake rera waƙoƙinsa har gobe.

To mu fa, wa ya rubuta namu?

Ba sai mun gaya wa ɗan Safana ko ɗan Batsari abin da ya faru da ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu a shekarun nan ba. Kowannenmu yana da dangin da suka kwashe kaya suka koma Dutsin-Ma, ko Katsina, ko wani wuri da ya fi nisa. Mu masu bi dama ba mu da yawa a wannan yanki, kuma in gida biyar ko shida suka tashi, taron sujada guda ya watse ke nan. Muna lissafin gonaki da shanu da rumbuna, kuma daidai ne mu lissafa. Abin da ba mu lissafa ba shi ne waƙoƙi. Akwai tsohuwar da take da waƙoƙi talatin ko arba'in a kanta, wasu ta gada, wasu ita ta ƙago su tana daka ko tana dawowa daga rijiya: waƙar godiyar kaka, waƙar kai amarya, waƙar da take ba da labarin ɓataccen ɗa daga farko har ƙarshe ta yadda yaron da bai iya karatu ba zai riƙe shi. Yanzu tana zaune a ɗakin haya a birni, tana zuwa majami'ar da ake waƙa da Turanci da kibod, ba wanda ya san amshin waƙarta. Waƙar da ba a amsawa kuwa, shekara biyu ta ishe ta mutuwa. A bara mun rasa irin wannan uwa. A wajen jana'izarta aka nemi wanda zai tayar da wata waƙa tata da kowa yake so, sai aka tarar kowa amshi kawai ya riƙe, baitocin sun tafi da ita. Mun yi ta maimaita amshin har muka gaji muka zauna.

Shi ya sa muke cewa a tura 'yar'uwarmu. Abubuwa biyu na ƙarshe da digirin yake nema, kundin bincike da gabatar da waƙoƙi, ɗalibi yana da bakin magana a kan abin da zai sa a cikinsu. Sharaɗinmu shi ne ta nemi amincewar malamanta ta yi bincikenta a kan waƙoƙin masu bi Hausawa na wannan yanki: ta bi iyayenmu inda suka watsu, ta ɗauki muryoyinsu, ta rubuta kalmomin da karin, ta rubuta sunan wadda ta yi kowace waƙa da yardarta, ta auna saƙonsu da Maganar Allah, don ba kowace waƙa mai daɗi ce take koyar da gaskiya ba. In an ba ta dama, ranar gabatarwa a ji kalangu da tulu a gefen fiyano. Kwafi guda na kundin kuma ya dawo nan, da Hausa, ba ya kwanta a ɗakin karatu a Kudu ba.

Wani ɗan'uwa ya ba da shawarar ta yi karatun ta intanet daga gida. Mun gode masa, amma mun tuna watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Safana da Batsari da wasu ƙananan hukumomi har na tsawon watanni. Ban da haka, jagorancin kwaya aikin hannu da ido ne, sai malami yana tsaye a kanka.

Akwai tsoron da ba a faɗa a gaban dattawa ba, amma ana faɗa a bayansu: in ta tafi ba za ta dawo ba. Manyan majami'u na Abuja da Kaduna da Jos suna biyan masu koyar da kwaya, mu kuwa godiya muke biya da ita, wani lokaci da kwanon gero. Ba za mu yi kamar wannan tsoro ba shi da tushe ba, kuma ba za mu ɗaure ta da rantsuwa ba. Abin da za mu iya roƙa shi ne alkawari mai iyaka: kundin, da hutun da za ta riƙa zuwa ta horar da yara uku ko huɗu su iya karanta waƙa da rubuta ta. In ta cika wannan, ko daga baya Ubangiji ya kai ta wani wuri, ba mu yi asara ba.

Muna kuma jan kunnen kanmu. Ranar da ta dawo da takarda, kada wani ya ce daga yau sai mai satifiket ne zai tsaya gaban kwaya, ko a ture iyayenmu mata gefe don muryarsu ba ta hau kibod ba. In aka yi haka, mun biya kuɗi mun sayo wa kanmu abin da zai ƙarasa waƙoƙin da muke neman ceta.

Dattawa za su zauna a kan wasiƙarta Lahadi mai zuwa bayan sujada, kuma mun roƙi Baba Fasto ya ba shugabannin matasa minti goma. Kafin nan, aikin ba sai ya jira ta ba. Duk mai wayar da take ɗaukar murya, in yana da kaka ko gwaggo ko iya da take da waƙa, ya je ya gaishe ta, ya nemi izininta, ya roƙe ta ta rera daga farko har ƙarshe. Ya tambaye ta wa ya yi waƙar, a wane ƙauye, kuma a wane irin taro ake yin ta. A kawo wa sakataren zumunta ranar Asabar a wajen koyon waƙa, ƙarfe huɗu na yamma.