Kafin a Ce Kaka Mai Zafin Rai Ne

A littafinta Becoming na 2018, Michelle Obama ta ba da labarin kakanta na wajen uba, Fraser Robinson, wanda jikoki ke kira Dandy: dattijo mai yawan faɗa, abu kaɗan ke tunzura shi. Mai gaggawar hukunci zai ce halinsa ke nan. Sai dai kafin a yanke, ya kamata a jera shekarun mutumin kusa da na ƙasarsa.

An haife shi a 1912 a Georgetown ta jihar South Carolina, yankin gonakin shinkafar da aka noma da gumin bayi. Kakansa, Jim Robinson, bawa ne a gandun Friendfield. Tun 1895 jihar ta sauya tsarin mulkinta don raba baƙar fata da ƙuri'a, a 1896 kuma Kotun Ƙolin Amurka ta halatta wariya a shari'ar Plessy da Ferguson. Tun bai zo duniya ba aka shata masa iyaka.

Da ya tasa, sai ya bi ayarin baƙar fata kimanin miliyan 6 da suka bar Kudu tsakanin 1910 da 1970. Ya isa Chicago ana cikin ƙuncin karayar tattalin arzikin da ya faro a 1929. Ga kaifin ƙwaƙwalwa, ga burin zama mai aikin lantarki, amma manyan ayyuka sai mai katin ƙungiyar ƙwadago, katin kuwa ba a cika bai wa baƙar fata kamarsa ba. Haka ya yi ta buga-buga har ya samu gurbi a gidan waya, inda ya ƙare aikinsa.

Lokacin da aka kafa dokar haramta wariya wajen ɗaukar aiki a 1964, shekarar da aka haifi jikarsa Michelle, ya haura hamsin. Wace sana'a zai fara koyo a wannan tsufa? Wannan bai wanke shi daga tsawar da yake yi wa iyalinsa ba, amma ya nuna inda ɗacin ya samo tushe.

Shi ya sa binciken asali da ya tsaya ga suna da ranar haihuwa bai cika ba. Amurkawa suna da abin da za su tona. Ana buɗe takardun ƙidayarsu bayan shekara 72: na 1940 sun fito a 2012, na 1950 a 2022. Ƙidayar 1940 har ta tambayi mutum albashinsa da inda yake zaune a 1935, don haka jika na iya gano lokacin da kakansa ya yi ƙaura da abin da yake samu.

Shi dai Dandy, da ya yi ritaya, Georgetown ɗin da ya baro ya koma da zama. Ya rasu a 1996.