Sana'ar Hannu: Tsarabar Tafiya a Wuyan Uwargida

A wannan wata zancen duwatsun ado za mu yi, kuma wani tsohon gwangwanin madara ne ya jawo shi.

Na daɗe da wata ɗabi'a, duk garin da Allah ya kai ni sai na sayo 'yan duwatsu na jefa a gwangwanin nan. Ban taɓa yin komai da su ba, sai ran da autata ta zazzage su a kan gado tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana cewa, "Umma, wannan daga ina?" Na amsa mata uku, na huɗun ya gagare ni. Wani ja ne mai sheƙi, na san da hannuna na saye shi, amma garin ya kwanta mini. Abin ya tsaya mini a rai, don in ni na fara mancewa, wa zai gaya wa yaran? A daren na ƙudura sai na shirya su sun zama abin wuya.

Shuɗɗan da koraye daga Bida suke, a Jihar Neja. A unguwar Masaga na ga yadda ake narka fasassun kwalabe a murhun ƙasa ana hura wuta da zugazugi, sannan maƙeri ya naɗe narkakken gilashin a jikin tsinken ƙarfe yana juyawa. Gurbin tsinken shi ne hujin dutsen. Masu zanen rawaya kuwa na Krobo ne a Ghana, na same su a kasuwar duwatsu ta Koforidua mai ci ranar Alhamis. Su daka kwalbar suke ta zama gari, su zuba a ƙananan ramukan yumɓu, su soka tsinken ganyen rogo a tsakiya. In an gasa sai tsinken ya ƙone ya bar huji. Shi ya sa ba su da santsin na Bida, kuma ni haka na fi son su.

Akwai kuma aƙiƙ guda bakwai da muka saya a Madina a 2012, ni da mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ita ta zaɓe su, ta kuma yi ciniki da hannu tun da ba ta jin Larabci.

To, uwargida, ga inda na yi kuskure. Zaren ɗinki na ɗauka na ninka biyu na zura su duka, na ɗaure, na sa na tafi biki. Ana cikin gaisawa wata jaririya ta kama ta ja, sai ji na yi duwatsu suna zuba a tsakar gidan mutane. Mata suka taya ni tsinta, amma biyu daga cikin na Hajiya ba a gan su ba har yau. Bakin hujin dutsen gilashi yana da kaifi, a hankali yake cin zare ba ki sani ba.

Saboda haka ki nemi zaren roba mai ƙarfi irin na kamun kifi, ko siririyar wayar da masu sayar da kayan ado ke sayarwa, tare da maɓallinta. In kuma zaren auduga kika fi so, ki shafe shi da kakin zuma, ki riƙa yin ƙulli bayan kowane dutse. Aikin yana cin lokaci, amma ko zaren ya tsinke dutse ɗaya ne zai faɗi, kuma duwatsun ba za su riƙa gogar juna ba.

Kafin ki zura komai, shimfiɗa tawul a kan tire ki jera su yadda kike so, don kada su gangare. Mafi girma a tsakiya, ƙanana su bi gefe da gefe, in ba haka ba abin wuyan zai riƙa juyawa maɓallin ya dawo gaba. Santimita 45 yana zama daidai ƙasan wuya, ki ƙara kamar 10 a kan zaren saboda ɗauri. Idan duwatsun ba su kai ba, ki cike tsakaninsu da ƙanana masu launi ɗaya, ana samunsu a Kasuwar Kurmi. Kada ki matsa wa kanki sai ɓangaren dama ya yi daidai da na hagu. Ni bisa jerin tafiye-tafiyen na shirya nawa, don in riƙa bi da yatsa ina ba yara labari.

Ki yi aikin bayan ƙananan yara sun yi barci, ki kuma share wurin sosai, domin mai rarrafe komai baki yake kaiwa, wasu ma hanci. Sannan ki samu ɗan littafi ki rubuta kowane dutse da garinsa da shekararsa.

Jan dutsen nan dai ban saka shi ba. Na aika wa yayata shi ta duba, tun da tafiye-tafiye da yawa tare muka yi. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.